Ramin da ke Gaban Kunne

Baba ya daina jin kiran assalatu tun kafin mu ankara. Sai da ya makara sau uku a jere, shi da maƙwabta a Burumburum suke gane asuba da kakinsa, sannan ya faɗa mana cewa kunnensa na hagu kuka yake yi, kamar gyare ya tare a ciki.

Wanzamin gidanmu muka fara kira, wanda ya yi wa mazanmu duka kaciya. Ya buɗe zabira, ya yi tsaga a bayan kunnen, ya kafa ƙaho, ya zubar da baƙin jini a ƙasa. Kwana biyu Baba yana cewa kansa ya yi sakayau. A na uku gyaren ya dawo.

Sai autanmu ya zo da bidiyo a waya. Wai masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suna da wani gurbi a gaban kunne, ɗan ramin nan da yake loɓawa idan ka buɗe baki. Sunansa Tinggong, ma'ana fadar ji, kuma nan suke soka siririyar allura saboda kukan kunne da raunin ji. A lissafinsu shi ne gurbi na 19, na ƙarshe a hanyar ƙaramin hanji. Yayarmu ta ce ina ruwan hanji da kunne? Mun yi dariya, amma kowannenmu ya buɗe baki a ɓoye ya laluba, kuma ramin yana nan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne labarin wani likitan Faransa, Paul Nogier. Ya riƙa ganin tabon ƙuna a kunnen mutanen da aka yi wa maganin ciwon da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, har a 1957 ya fitar da taswirar kunne mai siffar jariri kai a ƙasa. Da muka ba Baba labari ya ce, "To ai sakiya ce, ku da kuke raina ta."

Nan muka rabu biyu. Wasunmu suka ce a ƙara ƙaho, wasu suka ce askar da ta zaga gida goma tana iya kawo ciwon hanta. Wata biyu muka ɓata a wannan gardama, kuma har yau yana ci mana rai.

A asibiti a Kano an ciro dauɗa mai tauri daga kunnen dama, jinsa ya ƙaru. Na hagun, likita ya ce tsufa ne, da wuya kukan ya tafi.

Yanzu bayan isha'i Baba yakan buɗe baki ya danna ramin da ɗan yatsa, ya ce yana jin sauƙi. Ba mu hana shi ba. Buga masa ƙofa da asuba kuwa mun raba kwana, gobe autan ne.