Abin da Ke Naɗe Ganyen Tumatir a Bunkure

Tun kafin ka shiga Kura ta hanyar Zariya za ka fara jin rurin injinan casar shinkafa. Ban daɗe a garin ba, na hau babur muka bi gefen kanal muka nufi gonakin Bunkure. Hazon hunturu ya rufe sama, ƙasa kuwa kore shar, albarkacin ruwan dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974.

Na tarar da wani dattijo yana ban ruwa. Da muka gaisa sai ya ja ni zuwa wata kunya. Tumatirin ya tsumbure, ganyen ya ƙanƙance ya naɗe sama, gefensa ya yi rawaya, furen duk ya zube. Ya girgiza tushe ɗaya, wasu fararen ƙudaje ƙanana suka tashi buu.

"Yaro, na yi feshi har na gaji, ko gezau," in ji shi. "Annobar Sharon da ta cinye mu a 2016 ai gara ita, kana ganin tsutsar da idonka."

Na ce, "Baba, wannan ko madubin likita ba ya ganinta."

Ba ƙarya na yi masa ba. Bairos ne farin ƙuda ke tsotsowa daga shukar da ta kamu ya kai wa mai lafiya, kuma in ya shiga, feshi ba ya fitar da shi. Tsawonsa bai kai nanomita 40 ba, wato in ka raba milimita ɗaya gida miliyan, bai cika kashi arba'in ba. Madubin da ke aiki da haske iyakarsa wajen nanomita 200. Sai madubin ilektiron, irin wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara haɗawa a Jamus a 1931. A cikinsa ne aka ga siffar wannan dangin bairos, dunƙule biyu manne da juna kamar gyaɗa mai ƙwaya biyu.

To amma hoton ya daɗe yana fitowa dishi-dishi, kuma babban laifin na kyamara ne. Tsohuwar kyamara ba ta karɓar ilektiron kai tsaye. Sai ya bugi wani faifai ya rikiɗa ya zama haske, hasken ya bazu, sannan a ɗauka. Ga shi kuma samfurin da aka daskarar cikin siririyar ƙanƙara yana motsi da zarar ilektiron ya fara dukansa, in an ƙara ƙarfi kuma ya lalace. Wajen 2012 aka fara samun kyamarori irin su K2 na kamfanin Gatan da Falcon na FEI, waɗanda ilektiron ke sauka kansu ba ɗan aike. K2 na karanta hoto 400 a daƙiƙa, tana ƙirga ilektiron ɗaya bayan ɗaya. Maimakon hoto guda sai a sami ɗan gajeren fim, kwamfuta ta jera hotunan ta goge motsin. Wannan fanni ne ya ba Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson kyautar Nobel a 2017.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Leeds da Cibiyar John Innes a Ingila suka fitar da cikakken ginin rigar wani ɗan'uwan wannan bairos. Rigar ce abin dubawa, don da ita yake bi ta cikin farin ƙuda. Sai dai a ganina kada a yi wa manomi romon baka, hoton bai riga ya zama magani ba. Abin da ke hannunsa yau shi ne iri mai jure cutar, rufe gadon reno da raga, da tuge wanda ya kamu tun da wuri. Da na faɗa wa dattijon haka, dariya ya yi, ya ce wa zai tuge abin da ya zuba wa taki da tsadar nan.

Da la'asar na biya ta Kadawa, inda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke da tashar gwajin noman rani, na wuce kasuwar Kwanar Gafan. Ana ta lodin kwanduna a manyan motoci masu zuwa Kudu, warin attaruhu na sa mutum atishawa. Shi ma yajin nan yana da hannu a labarin. Ƙofar da ke jikin jijiyarmu mai jin zafin barkono, wadda ake kira TRPV1, David Julius ne da abokan aikinsa suka gano ta a 1997, amma ba wanda ya ga gininta dalla-dalla sai a 2013, da shi da Yifan Cheng suka ɗauke ta da kyamarar K2 a San Faransisko. Julius ya karɓi tasa Nobel ɗin a 2021.