Maganin da ya daskare a kwalba

Ranar da aka liƙa sunayen furojet a allon sashenmu, sai da na ji kamar in nutse. Nawa shi ne haɗa jel ɗin da za a iya ba da maganin ciwon daji da shi ta dubura. Kafin la'asar 'yan ajinmu sun laƙaba mini "Dakta Ta-Baya". Na taya su dariya, amma a raina gwaggona nake tunawa. Ciwon daji ne ya yi ajalinta bara, kuma a makonninta na ƙarshe ko ruwa ta sha sai ya dawo, balle ƙwaya.

Sinadarin aikin wani farin gari ne, Poloxamer 407. Ana zuba shi a ruwan sanyi, ya kwana a firji a kan digiri 4. Halinsa akasin na man shanu ne: a sanyi ruwa ne, da ya ji ɗumi sai ya daskare. Dabarar ke nan: a tura shi yana ruwa, zafin jiki na digiri 37 ya mayar da shi jel, ya zauna a wurin yana sakin magani a hankali. Jijiyoyin ƙasan dubura kuma ba sa bi ta hanta kai tsaye, ga shi hanta ce ke lalata magunguna da yawa kafin su zaga jiki. Ainihin maganin, irin su 5-fluorouracil, yana da haɗari a hannun ɗalibi, don haka shuɗin rini na sa a madadinsa.

A watan Afrilu na haɗa kashi 20 cikin ɗari, kamar yadda na karanta. Na ɗauko daga firji, kafin in gama shirya sirinji wallahi ya kame a kwalba kamar tuwon jiya. Malamina ya juya kwalbar, ko ɗigo bai zubo ba. Ya ce, "Kai, wa ka haɗa wa wannan, mutanen Ingila?"

Na ƙara Poloxamer 188, wanda ke ɗaga matakin zafin da jel ɗin ke daskarewa. An samu sauƙi, amma fa akwai iyaka. Dole ya daskare ƙasa da digiri 37, in ba haka ba zai zubo daga jikin majinyaci. Mu kuwa a bazara zafin garinmu kan kai 40. Ke nan duk iya haɗina, sai da sanyi, ga shi a ɗakin da gwaggo ta yi jinya wuta kan yi kwana uku ba ta zo ba.

Shi ya sa na roƙi malam ya bar ni in ƙara babi guda: awa nawa jel ɗin zai yi yana ruwa a cikin kula mai ƙanƙara? Ya amince. Har yanzu in na ratsa kanti ana kiran "Dakta Ta-Baya!" Ina amsawa, kular tana hannuna.