Sukuwar Bayan Girbi a Ɗankaza

Ban taɓa ganin mutumin da kyautar sukuwa ta ciyar masa da doki ba. Doki mai gudu gero yake ci safe da yamma, ga harawa, ga dusa, ga kanwa, ga yaron barga da shi ma sai ya ci tuwo. In ka haɗa lissafin shekara ka ajiye shi kusa da turmin shadda ko rediyo mai kaset da ake miƙa wa wanda ya zo na ɗaya a wajenmu, dariya za ta kama ka. Duk da haka, a shekarun 1980, ina ɗan firamare a Ɗankaza, akwai magidantan da sun gwammace a rage cefane da a ga haƙarƙarin dokinsu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana sahun gaba a cikinsu.

Sukuwarmu ba ta da ranar da aka rubuta. Sai an ɗaure dawa an kai rumbu, an roro wake, hunturu ya fara busa leɓe, sannan magana ta taso. Yawanci ma a kasuwar Wudil take tasowa ranar Juma'a, a gefen kara, inda dillalan shanu ke zaman jiran ciniki ya faɗa. Wani zai ce akawal ɗin mutumin Darki ba ya da na biyu a ƙasar nan, wani ya ce ai bai gamu da bidin Utai ba ne. Kafin a tashi an sa rana.

Fili kuwa aro ne. Wani fako ne a bayan gari, sai a haɗa da gonaki biyu ko uku da masu su suka yarda a bi ta ciki. Gyaransa aikinmu ne, mu yara, kuma ba a biyanmu ko kwabo. Mu tumɓuke tushiya, domin tushiyar dawa in ta bushe tana iya huda kofato. Mu baje kunya da fartanya. Mu share ƙaya da ƙarangiya. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne neman rami: na gafiya, na kurege, da tsohon suri da ya rufta ciki ya bar ɓawo a sama. Irin wannan na ƙarshe shi ne mugu, don ido ba ya ganinsa, sai doki ya zuba nauyinsa duka a ƙafar gaba. Dokin da ya karye a nan ba ya tashi, kowa kuma ya san abin da ke biyo baya.

Kawu ba ya yarda da aikinmu sai ya bi da ƙafarsa. Da an idar da sallar asuba zai ɗauki sanda, ya cire takalmi, ya taka filin daga farko har ƙarshe yana danna diddige.

"Kai ɗan nan, zo ka taka nan."

"Kawu, ai ƙasa ce."

"A wurinka ƙasa ce. Taka can kuma ka ji."

Sai na ji bambancin. Nan diddige ya ɗan nutse ya tsaya, can kuwa ko alama bai bari ba. A wurinsa na koyi cewa tsandauri yana ba da gudu amma yana cin gaɓoɓi, washegari ka tarar da ƙafar doki ta kumbura da zafi. Rairayi mai zurfi kuma jijiya yake ja, ya ƙarar da numfashi tun ba a kai rabi ba. Laka ta fadama in ta bushe tsagewa take yi, in ta jiƙe santsi. Abin da yake nema shi ne jigawa mai ɗan tauri a ƙasa da turɓaya kaɗan a sama. Ya kuma san wane doki ke son wace ƙasa. Ingarma mai nauyi yana son wuri mai ƙarfi, ƙaramin doki mara jiki shi ke shan iska a yashi. Sau da yawa tun kafin a ɗaura sirdi ya riga ya faɗi wanda zai ci, ba don ya duba dawakin ba, don ya duba filin.

Horo kuwa a bakin kogin Wudil yake yi. Dattawa sukan ce kafin a gama madatsar Tiga a 1974, da rani kogin janyewa yake yi ya bar shimfiɗar yashi iya ganinka. Mu mun taso ruwan ba ya ɗaukewa gaba ɗaya, amma akwai sauran yashin da za a sa doki sassarfa a ciki har ya jiƙe da gumi, sannan a tsayar da shi cikin ruwa ƙafafu su huce.

Kyauta daga aljihun manya take fitowa. Dagaci ya ba da turmi, wani Alhaji mai fataucin shanu ya ba da rediyo, shekarar da aka yi sa'a a ga keke Raleigh an jingina a jikin bishiya da takardarsa ba a ɓare ba. Mai doki ya karɓa, mahayi a ba shi tukwici, maroƙa su kwashe abin da ya saura. Limaminmu bai taɓa hana wannan ba. Yakan tuna wa mutane cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, har ya bambanta nisan da horarru za su yi da na waɗanda ba a horar ba. Hukuncin da yake bayarwa a fili yake: in wani wanda ba ya cikin tseren ya sa kyauta, halal ce, in 'yan kallo suka zuba kuɗi wani ya kwashe na wani, caca ce.

Ana yin ta kuwa. A gindin wata tsamiya nesa da inda manya ke zama, murya ƙasa-ƙasa. "Na sa naira biyu a kan kili." "Na riƙe." A damƙa wa wani na uku ya ajiye a aljihun 'yar shara. Wasu da goro suke yi, don su ce wasa ne. Na ga ranar da akuya ta sauya gida ta wannan hanya, na kuma ga rigimar da ta kai gaban dagaci saboda ƙura ta turnuƙe ba a ga wanda ya riga ƙetare layi ba. Abin lura shi ne, kuɗin gindin tsamiya daga aljihu zuwa aljihu suke tafiya. Ko sisi ba ya shiga kyauta, ba ya shiga gyaran fili.

Ranar da Kawu ya fara kai ni Filin Sukuwa na Nasarawa a Kano, na ga wata duniya. Fili zagayayye da shinge, nisa a aune, ana auna nauyin mahaya, an raba dawaki aji-aji don kada ɗan ƙasa ya kara da dogon dokin Sudan. Ga rumfar manya, ga kofi yana ƙyalli a kan tebur. Turawan mulki ne suka kawo wannan tsari, kuma a manyan garuruwa da dama da suka zauna sun yanki fili domin sa. A filin sukuwar Legas aka ɗaga tutar Najeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, shi ne yau Dandalin Tafawa Ɓalewa. Na Kaduna, inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, shi ne Dandalin Murtala. Amma ko a Kano ɗin, da ka duba rumfa ka san inda kuɗin suke fitowa: sarakuna, hakimai, attajirai, da kamfanonin da ke son a ambaci sunansu. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, sunansa da doki ba sa rabuwa. Kuma abin da irin waɗannan mutane ke nema ba kuɗi ba ne. Dokin Sarkin Gobir na Isa, Ɗanfilinge, babu mai tuna nawa ya ciyo. Waƙar da Narambaɗa ya yi masa ce ta sa har gobe ake kiran sunansa.

Sai da na girma na fahimci cewa a wasu ƙasashe kyauta da caca da fili igiya ɗaya ce ta ɗaure su. A Ingila, shekarar da aka halatta shagunan caca, 1961, a ita aka kafa hukumar da ke karɓar wani kaso daga masu shagunan ta mayar da shi harkar sukuwa. Tun 2017 kason ya zama kashi 10 cikin 100 na ribar da suka samu a kan tseren ƙasar. Da shi ake ƙara kyauta, ake biyan binciken lafiyar dawaki, ake inganta filaye. Kowane fili yana da jami'in da aikinsa ke nan: ya taka ƙasa, ya auna taurinta, ya sa a yi ban ruwa in ta bushe, ya sanar kafin a fara. Wato aikin Kawu, amma da albashi. A Faransa kuma tun 1930 ake da PMU, inda ake tara kuɗin kowa wuri ɗaya, a cire rabon gwamnati da na ƙungiyoyin sukuwa, a raba saura ga waɗanda suka dace. Wannan tsari ya ƙetaro har maƙwabtanmu. A Maraɗi na ga dattijo da biro da takarda yana zaɓen lambobin dawakin da za su yi gudu a Faris, dawakin da bai taɓa jin haniniyarsu ba.

Ni dai ban yi mana sha'awar wannan hanya ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. Gasar Kofin Saudiyya da aka fara a Riyad a 2020 kyautarta dala miliyan 20 ce, ta Dubai kuma tun 1996 ake yin ta, duka ba a buɗe tagar caca a filin. Masu mulki ne ke ɗaukar nauyi, kamar dai dagacinmu da Alhaji mai shanu, sai dai aljihun ba ɗaya ba. Inda muka bambanta da su shi ne, su sun mayar da abin hukuma mai kasafi, mu kuwa mun bar shi a kan alherin mutum ɗaya da gumin yara. In mutumin ya rasu ko kasuwa ta juya masa baya, shi ke nan.

Haka kuwa aka yi. Farin 1984 ya sa geron da za a ba doki ya koma tukunya. Daga 1986 naira ta fara zubewa, mai riƙe doki biyu ya koma ɗaya, mai ɗaya ya sayar ya sayi babur. Gonaki suka yi ta rabuwa wajen gado har ba mai iya ba da aron kunya goma, noman rani ya cinye fadama, masu tifa suka sa wa yashin kogi ido. Manyan gasa kuma suka koma hannun masu iya sayo doki daga Sudan ko Chadi, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kawu ya sayar da nasa ba tare da ya gaya wa kowa ba, sai turke muka gani babu komai.

Ba wai sukuwa ta mutu ba. A Bida, inda Etsu Nupe Alhaji Yahaya Abubakar ya tsaya mata, ana tara dawaki daga Nijar da Chadi da Kamaru, ana ba da motoci da babura. Filin Kano ma yana nan, ko da yake sai da aka kai ga gina shaguna a jikinsa, waɗanda gwamnatin jiha ta rushe a watan Yunin 2023. Samarin yanzu suna son doki ƙwarai, sai dai a kan kwalta suke sakin linzami ranar hawan angwanci, wurin da Kawu ko da jan ragama ba ya yarda a daɗe a kai.

Cacar kuwa ba ta jira kowa ba. A Oktoban 2024 Hisba ta rufe shagunanta da dama a Kano, amma ta riga ta shige waya. Ɗan ƙanwata ya nuna mini wani tsere da abokansa ke zuba kuɗi a kai: dawakin kwamfuta ne, ana sake sabon zagaye duk bayan 'yan mintoci, dare da rana. Na tambaye shi a wace ƙasa suke gudu. Ya ce, "Kawu, ai waɗannan ba sa taka ƙasa."