Abin da ɗalibina ya koya mini a bakin koren ruwa

Shekara 14 ke nan ina koyar da kimiyya a wani kwaleji a nan Yamai, amma sai a damunar 2023 na ga abin da nake rubutawa a allo yana ciyar da mutum. Wanda ya nuna mini kuwa tsohon ɗalibina ne, yaron da ya faɗi jarrabawar BEPC sau 2. Ni da bakina na ce wa mahaifinsa ba shi da kan karatu.

A Yantala muka haɗu, yana kan moto, ya ɗaure doguwar sanda mai raga da bokiti 2. Ya sauko ya gaishe ni, ya ce sana'arsa gyaran tafkin wanka na gidajen manya, abin da muke kira pisin. Ya ce: "Mushe, aiki ya yi mini yawa, kuma faransancina ba ya kai ni ko'ina. Da za ka riƙa yi mini magana da masu gidajen, mu raba." Na ji nauyi, malami guda ya bi ɗalibinsa. To amma babban hutu ne, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata. Na amince.

Kowa ya tuna yadda lokacin yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, Turawa da dama suka tafi, gidaje a Plateau da Kouara Kano suka zama babu kowa sai mai gadi. Pisin kuwa ba ya son a ƙyale shi. Gansakuka tsiro ce ƙanana ƙwarai, iska da ruwan sama ne ke kawo irinta, abincinta ƙura da ganyen da ke faɗawa, ga rana ga ɗumi. Abu 2 ke hana ta: kulorin, da injin da ke juya ruwan ya bi ta matatar yashi. Ranar Yamai tana cinye kulorin da sauri, idan kuma babu wuta injin ya tsaya. Kwana kaɗan ruwan ya koma kamar miyar kuka.

Kallonsa yana aiki ya ba ni kunya. Yakan ɗebi ruwan a ɗan kwalba, ya ɗiga magani ja don auna pH, ya ce sai ya zauna tsakanin 7.2 da 7.6, in ya haura kulorin ba ya cizo. Sannan ya goge bango da buroshi, don gansakukar tana da yauƙin da ke kare ta. Sai da magariba yake zuba kulorin mai yawa, saboda kada rana ta lalata shi. Washegari ya zuba maganin da ke tattara datti ya kwantar da shi ƙasa, ya zuƙe, ya wanke matata. Bai taɓa ajiye kulorin kusa da asid ba, ya ce haɗuwarsu na tayar da iska mai shaƙe mutum. Duk wannan yana cikin darasina na tsami da kishiyarsa. A aji bai taɓa samun rabin maki a kai ba.

Ni nawa aikin baki ne, kuma na iya. Na gane mai gida ba ruwansa da sunan tsiron, abin da ya dame shi gidan haya ba ya shiga da koren tafki, sauro kuma na ƙyanƙyasa a ruwan da ya tsaya. Da haka nake shawo kansu. Daɗin ciniki ya sa na fara alkawarin da ba ni zan cika ba.

Wata Alhamis wata Hajiya ta kira mu. Jikokinta za su zo daga Maraɗi, ranar Asabar tana so su yi wanka. Ruwan ko matakala ta 2 ba a gani. Kafin yaron ya buɗe baki na ce an gama, muka yi ciniki jika 60. Da muka fito ya ce: "Mushe, wannan yana son injin ya yi kwana 3 bai tsaya ba, ga wuta tana zuwa tana tafiya." Na ce masa Allah na nan.

Safiyar Asabar koren ya tafi, amma ruwan ya yi fari-fari kamar an tsinka koko, kulorin kuma ya wuce kima. Na ce masa ai an kira mu ne don gansakuka, ga shi babu ita, mu karɓi kuɗinmu. Bai yi mini gardama ba. Ya ciro ƙwandalar dala 20, ya jefa ta wajen zurfin.

"Mushe, kana ganinta?"

Na ce a'a.

"To in yaro ne ya nutse a wurin fa?"

Ina da ƴaƴa 3. Na tsaya ina kallon wurin da ƙwandalar ta ɓace, na rasa ta cewa. Tunda ni na yi alkawarin, ni na shiga na faɗa wa Hajiya kada kowa ya shiga ruwan sai Litinin. Ta yi faɗa sosai, kuma da gaskiyarta. Ta biya rabin kuɗin, ba ta sake kiranmu ba. Ranar Litinin muka koma muka ƙarasa aikin, ruwan ya yi garau, ga ƙwandalar tana walƙiya a ƙasa. Na ce a cire asarar daga kasona. Ya ƙi, sai da na matsa.

Daga ranar na daina sayar da gaggawa. Na koma bin tsarinsa, wanda da nake gani wauta ne: kowane gida sai ya koya wa mai gadi yadda ake aunawa, ya nuna masa kulorin ya zauna tsakanin 1 da 3 a ma'aunin. Na taɓa ce masa yana kashe wa kansa kasuwa, tunda in ruwa bai lalace ba wa zai kira shi? Ya ce gara ya zo kowane mako a biya shi kaɗan, da ya zauna yana fatan ruwan mutane ya ɓaci.

Ƴan'uwana malamai, ban ce takarda banza ba ce, da ya samu BEPC da bai buƙaci bakina ba. Amma shekara 4 yaron nan yana gabana ban taɓa miƙa masa kwalba na ce auna ba. Yanzu idan na zo darasin pH, da lemun tsami da kanwa da ruwan zoɓo nake shiga aji, su ga launi yana sauyawa da idonsu. Yaron da alli bai karɓe shi ba kuma, ina zama da iyayensa mu duba cibiyoyin koyon sana'a na CFM, ban ƙara yanke wa kowa hukunci ba.

Ku kuma iyaye, idan kun kai yara wanka, a otel ne ko gidan ɗan'uwa, ku duba wajen zurfin tukuna. In ba ku ga ƙasan sarai ba, kada yaro ya shiga, ko da wa ya ce an sa magani. In kun gani ma, babba ya tsaya a kansu.

Mahaifinsa kuwa na je har gida a Boukoki na janye maganata. Dattijon ya yi dariya, ya ce shi tuni ya manta. Ni ban manta ba.