Zanen Manhajar Adashi a Gawuna

Asabar
Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mata da yawa a layinmu na Gawuna ta taransifa suke zubin adashi. Ita kuwa Hajiya, uwar adashin, a littafin makaranta take rubutawa. Alat ya shigo, ba a san na wa ba ne, sai a yi ta cacar baki. Ina so in yi mata manhajar da za ta buɗe a intanet ba sai ta sauke komai ba. Kafin a fara ginin, sai an zana kamanninta.

Lahadi
Takarda da biro kawai. Na zana fuskar waya, na raba aikin uku: waɗanda suka zuba, waɗanda ake bi, da wadda za ta kwasa.

Litinin
Na kai wa Hajiya takardun bayan la'asar, na ce ta danna da yatsa kamar waya ce. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina mai hannu biyu? Ina masu rabin hannu?" Ashe akwai wadda take zubi biyu ta kwasa sau biyu, akwai kuma mata biyu da suka haɗa hannu ɗaya. Wani lokaci haihuwa ko biki ya taso, a roƙi mai layi ta yi haƙuri a ba mabuƙaciya. Wannan sassauci shi ne ran adashi, manhajar da ta hana shi kuwa ba za ta kwana a wayar kowa ba. Na ƙara wurin musayar layi nan take, a gabanta.

Laraba
Na mayar da zanen cikin manhajar zane ta Figma, faɗin fiksel 360, daidai da ƙananan wayoyin Tecno da itel da aka fi riƙewa a nan. Na zaɓi rubutun Noto Sans domin yana da ɓ, ɗ da ƙ. An ɗauke wuta da rana, na ƙarasa da dare.

Alhamis
Wata mai sarin kayan miya a kasuwar Yankaba ta gwada a wayata. Karatun boko bai zauna mata ba, amma lambobi ba sa ba ta wahala. Na ƙara girman adadin kuɗin, na sa kore ga wadda ta zuba. Ja ga mai bashi ta ƙi shi sarai: tonon asiri ne, in ji ta. Gaskiyarta. Yanzu uwar adashi kaɗai ke ganin sunayen waɗanda ake bi.

Asabar
Hajiya ta bi zanen daga shigar da zubi har zuwa kwasa ba tare da na sa mata baki ba. Ranar Litinin zan fara gina shafin zubi.