Suna a Sama, Kwanan Wata a Gefe

A makaranta, yaro ba ya tambayar dalilin rubuta sunansa a saman takarda, domin dalilin yana zaune kusa da shi a kan benci. Yara talatin ne ko arba'in a aji, malami ɗaya, takardar da ba ta da suna kuwa marainiya ce. Kwanan wata ma malami ya riga ya rubuta shi a kusurwar allo tun kafin a shigo, yaro kwafewa kawai yake yi. Da zarar an ɗauke karatu daga aji aka mayar da shi kan teburin cin abinci na gida, sai wannan dalili ya rushe. Ɗalibai biyu ne ko uku, malamar tasu kuma ita ta haife su. Wa zai ɓace wa wa?

Haka wata uwa da ke zaune a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka ta ɗauki lamarin a shekarunta na farko na koyar da 'ya'yanta a gida. Tana da uku: namiji ɗan shekara 9, mace 'yar shekara 7, da auta wadda ba ta kai shiga karatu ba amma ba ta rabuwa da fensir. Irin wannan iyali ba baƙon abu ba ne a can. Ƙididdigar hukumar ilimi ta tarayya ta nuna yara kusan 850,000 ne ake koyarwa a gida a 1999, adadin ya kai wajen miliyan 1.7 a 2016, ya kuma ƙara hawa bayan annobar korona ta rufe makarantu a 2020. Doka ta halatta hakan a dukkan jihohi 50, sai dai kowace jiha da nata sharuɗɗan. A Texas, iyaye ba sa ma buƙatar sanar da hukuma idan yaro bai taɓa shiga makarantar gwamnati ba. Pennsylvania tana cikin masu tsauri.

Dokar jihar, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta wa mai koyarwa a gida ya cika kwana 180 na karatu a shekara, ko awa 900 ga 'yan firamare da awa 990 ga 'yan sakandare. Ta kuma ce a tara kundi: jerin littattafan da aka karanta, wanda ake rubutawa a lokacin da ake karatun, tare da samfurin rubuce-rubucen yaro, da takardun aikinsa, da abin da ya ƙirƙira da hannunsa. A aji 3 da aji 5 da aji 8 ana haɗawa da sakamakon jarrabawa. Kafin ƙarshen watan Yuni, wani mai tantancewa, wanda yawanci malami ne mai lasisi ko masanin halayyar ɗan Adam, zai duba kundin, ya zanta da yaron, sannan ya sa hannu cewa ana ba shi ilimin da ya dace. Abin da dokar ke nufi da ilimin da ya dace ya haɗa da ci gaba mai ɗorewa. Babu inda ta ce a rubuta kwanan wata a kan kowace takarda, amma wanda aka ce ya nuna ci gaba an riga an ce masa ya nuna wace takarda ce ta riga wata.

Nan ne matar ta sha wuya. Duk abin da yaran suka rubuta tana jefa shi cikin wani babban kwali a ƙarƙashin matakala, da niyyar in lokaci ya yi ta zaɓi masu kyau. Da watan Mayu ya kama ta juye kwalin a ƙasa, sai ta tarar da ɗaruruwan takardu masu kama da juna kamar ƙwan zabi. Fensir ɗaya yaran suke amfani da shi, takarda iri ɗaya, littafin lissafin da yayan ya gama shi ƙanwar ta gada. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne rubutun yarinyar na bana ya yi kama da na yayanta na bara waccan, har da yadda suke karkatar da lamba 7, tun da hannu ɗaya ne ya koya musu riƙe fensir. Ta kira su ta tambaya. Duk takardar da aka ci daidai kowa ya ce tasa ce, wadda aka yi kuskure kuwa babu mai ita. Ta haɗa kundin da ƙyar, rabi da tuni rabi da zato, mai tantancewa ya sa hannu, amma ita ta san jerin da ta yi wa takardun nata ne, ba lallai ne ya zama jerin da yaran suka bi wajen rubuta su ba.

Da sabuwar shekarar karatu ta kama a ƙarshen Agusta, ta kafa doka guda: ba a fara aiki sai an rubuta suna a sama ta hagu, kwanan wata a sama ta dama. Yaron ya ce, "Mama, ai kin san nawa ne." Ta ce masa ta sani yau, amma ba ta yi masa alkawarin za ta sani a watan Mayu ba. Ta hana su rubuta watan da lamba, saboda Amurkawa suna fara sa wata kafin rana, mafi yawan duniya kuma akasin haka, ta yadda 3/4 zai iya zama 4 ga Maris ko 3 ga Afrilu, ya danganta da wanda ke karantawa. A rubuta sunan watan da haruffa, a kuma cika shekarar. Shekarar ce yara suka fi mantawa, don a wurin ɗan shekara 7 shekara ɗaya ce tak a duniya, wato wadda yake ciki.

Akwai masu ganin wannan duk shirme ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. John Holt, tsohon malamin makaranta wanda ya fara fitar da mujallar Growing Without Schooling a 1977, ya shafe ƙarshen rayuwarsa yana jan hankalin iyaye cewa yaro yana koyo ne kamar yadda yake numfashi, kuma yawan auna shi da gwada shi yana kashe masa sha'awa. Mabiyansa za su ce iyalin da ya gudo daga makaranta, sannan ya ɗauko layin suna da kwanan wata ya ɗora wa yaro, ya gudu ne da makarantar goye a bayansa. Gaskiya ne cewa akwai iyayen da kundi ke zama musu ubangida, su riƙa sa yaro aikin da zai yi kyau a fayil maimakon wanda zai amfane shi. Sai dai laifin nan na cika kundi ne don a burge baƙo. Layi ɗaya a saman takarda ba ya ba da maki, ba ya kwatanta yaro da ɗan maƙwabci. Abin da kawai yake ba da dama shi ne a kwatanta yaro da kansa na watannin baya, kuma wannan awo ne da uwa mai koyarwa take matuƙar buƙata fiye da malamin aji.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Idon da ke kallon yaro kullum, safe da yamma, shi ne ya fi kowane ido kasa ganin girmansa, shi ya sa baƙon da ya shekara bai zo ba yake fara cewa yaro ya yi tsawo. Malamin makaranta yana da abubuwan da ke gyara masa gani: sauran yaran ajin, sakamakon zango, malamin bara da ya miƙo masa yaron, malamin baɗi da zai karɓa. Uwa a gida ba ta da ko ɗaya. Ita ce malamar bara, ita ce ta bana, ita ce shugabar makaranta, ita ce kuma wadda za a kai wa ƙara. Ranar da karatu ya yi daɗi sai ta ga ɗanta haziƙi ne. Ranar da ya yi kuka a kan rabawa sai ta kwana tana tunanin ta cuce shi da ta hana shi makaranta. Tunaninta na watan jiya yana canza launi daidai da yadda yau ta kasance mata, takardar da aka sa wa kwanan wata kuwa tana nan yadda aka bar ta.

A watan Afrilu matar ta zauna ta jera takardun yaron bisa tsarin kwanakinsu, tun daga Satumba. Damuwarta a kansa ta daɗe, don yana jan ƙafa a rubutu, kuma dangin mijinta ba su taɓa ɓoye shakkarsu a kan wannan karatun gida ba. Abin da ta gani kashi biyu ne. A lissafi ya yi nisan da ba ta lura ba: yaron da a Satumba yake zana 'yan sanduna a gefen takarda don ya haɗa lambobi, a Maris yana ninka lamba biyu da lamba biyu ba tare da zane ba. A rubutun kalmomi kuwa bai motsa ba. Kurakuran da ya yi a Nuwamba su ne na Janairu, su ne na Maris, kalmomi iri ɗaya, haruffa iri ɗaya suna musayar wuri. A tsawon watannin nan ta riƙa gaya wa kanta cewa yana samun sauƙi, saboda kowace rana in ta gyara masa yana gyarawa a gabanta. Ba ta taɓa ajiye takardun wata biyar gefe da gefe ta ga cewa gyaran ba ya kwana ba. Wannan ne ya sa ta nemi ƙwararre a kan matsalolin karatun yara ya duba shi, ta kuma tafi da takardun a jere. Tambayar farko da irin waɗannan ƙwararru ke yi ita ce tun yaushe, ita kuma tana da amsar a hannunta.

Daga baya ta ƙara wani abu ƙarami wanda ya fi sauran nauyi. Idan ta taimaka wa yaro a aiki, takan sa ɗan alama da jan biro a ƙarƙashin sunansa. A karatun gida hannun uwa yana shiga aikin yaro ba tare da kowa ya yi niyyar ha'inci ba: ta faɗi kalmar da ta maƙale masa, ta nuna layin da ya tsallake, ta gyara jimla tun tana bakinsa. Takardar da ta fito daga irin wannan zama tana ɗauke da suna ɗaya alhali mutum biyu suka yi ta. Yarinyar ce ta fara fahimtar ma'anar alamar, har ta riƙa rufe takardarta da hannu tana cewa, "Mama, kar ki faɗa mini, ba na son ja."

Masu haƙar kayan tarihi sun san darajar wannan layi fiye da kowa. A birnin Novgorod na ƙasar Rasha, inda ƙasa mai danshi ta adana rubuce-rubucen da mutanen da suka yi a kan ɓawon bishiya, an tono aikin karatun wani yaro mai suna Onfim, wanda ya rayu a ƙarni na 13. Guda 17 ake dangantawa da shi. Yana jera haruffa, yana gwada haɗa gaɓoɓi, in ya gaji sai ya zana mayaƙa da dawaki da wata dabba mai ban tsoro. A jikin wani zane na mahayin doki da ke sukar abokin gaba ya rubuta sunansa, shi ya sa bayan shekara fiye da 700 ake kiransa da shi, alhali ba a san sunan malaminsa ba. Kwanan wata ne bai rubuta ba. Sai da masana suka koma ga zurfin ƙasar da aka same su, da gumaguman katakon da aka shimfiɗa titunan birnin da su, suna ƙirga zoben shekara a jikin itacen, kafin su ce ga zamanin da ya rayu. Shekarunsa ma, shida ko bakwai, daga yanayin zanensa aka ƙiyasta.

A gidan matar dokar ba ta zauna daram ba sai bayan wata biyu na tuni kullum, da takardun da aka mayar wa masu su don a cika saman. Ta rataya kalanda a bangon da ke fuskantar teburin, ta daina amsa tambayar "yau nawa ga wata", wanda ya tambaya sai ta nuna masa bango. Ta haka yarinyar ta haddace jerin watanni ba tare da an taɓa yi mata darasinsu ba, ta kuma gano da kanta cewa Fabrairu gajere ne. Auta, wadda babu dokar da ta hau kanta, ta ga yayyenta suna rubutu a saman takarda, ita ma ta fara zana harafin farko na sunanta a kan duk abin da ta samu, har da takardar kuɗin wuta.

Kwalin ƙarƙashin matakala yanzu fayil uku ne, kowane yaro da nasa. A ƙarshen kowane wata matar tana zaɓar takarda uku ko huɗu daga kowane fanni, mai kyau da matsakaiciya da wadda aka sha wuya a kanta, sauran ta zubar. Wuri ɗaya ne ba a daidaita ba har yanzu. Yaron yana da littafin zane da yake cikawa da jiragen sama da taswirar ƙasashen da shi ya ƙirƙira, ya kuma ƙi sa musu kwanan wata, ya ce wannan ba aikin makaranta ba ne. Ta so ta matsa, don zanen zai yi kyau a kundi a ƙarƙashin fannin fasaha, wanda dokar jihar ta lissafa cikin abin da za a koyar. Ta bar shi. Littafin yana ɗakinsa, da sunansa a bango da manyan haruffa, mai tantancewa kuma bai taɓa ganinsa ba.