Matatar da Muka Ɗaura a Bakin Imel

Mu yaran Kura mun tashi muna ganin yadda ruwan Tiga yake bin babbar kwata kafin ya rarrabu zuwa gonakin shinkafa da tumatir har Kadawa da Bunkure. Duk dattin da ya wuce ta bakin kwatar, sai ya kai ga kowa. Da wannan malaminmu na kulob ɗin kwamfuta ya fahimtar da mu dalilin da ya sa za a ɗora manhajar tace ƙwayoyin cuta a kan kwamfuta ɗaya tak, wadda take karɓar duk saƙonnin imel na makaranta, maimakon a bi kowace kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.

ClamAV muka zaɓa, don kyauta ce. Ɗora ta bai ci mana lokaci ba. Wahalar tana wajen ciyar da ita. Matatar ta fi gane ƙwayoyin da ke cikin kundinta, kuma kullum ana ƙirƙiro sababbi, don haka dole wani ɓangarenta mai suna freshclam ya riƙa sauko da sabon kundi. Ranar da aka ɗauke wuta ko data ta ƙare, matatar tana nan a tsaye kamar maigadi, amma barayin jiya kaɗai ta sani. Mun gwada ta da fayil ɗin EICAR, haruffa 68 marasa illa da aka tanada don gwaji, nan take ta cafke shi.

Inda muka yi gardama sosai shi ne abin da za a yi da saƙon da aka kama. Wasunmu suka ce a goge kawai, suna tuna mana ILOVEYOU, wadda ta fito daga Filifin a watan Mayun 2000 ta bazu a duniya cikin shigar wasiƙar soyayya. Sauranmu muka ƙi. Matata takan yi kuskure, kuma abin da ta kama yana iya zama takardar JAMB ta wata ɗaliba da babanta ya sayar da buhun shinkafa ya biya mata. Mun ga gara a killace saƙon, mutum ya duba da idonsa.

Haka aka yi. Yanzu duk ranar Litinin da Alhamis mutum biyu daga cikinmu ke buɗe akwatin killacewa bayan an tashi, kuma babu mai son juyinsa ya faɗo lokacin girbi.